Ɗakin da Ke Riƙe Turare

Madabo, cikin birnin Kano

Zuwa ga Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Ummi da Yaya Kabiru kuna lafiya, kuma gajiyar hanyar Jos ta sake ku. Baba yana gaishe ku, Gwaggo Ladi ma haka. Allah Ya raya mana Ummi, Ya tsare ku daga abin da ido yake gani da wanda ba ya gani, amin.

Yaya, ki yafe mini ƙarfin halin da na yi. Na san ba hurumina ba ne in ɗauki biro in rubuta wa wadda ta goya ni nasiha. Na fara na yaga, na sake farawa. Maganar ba tawa ba ce, ta Umma ce, hannu ne kawai nawa. Kin san ke 'yar fari ce. Umma ba ta kama sunanki, ba ta iya zama ta yi doguwar magana da ke, ko a waya ma daga "kun tashi lafiya" sai ta miƙo mini. Don haka duk inda kika ga "ki ce mata," haka ya fito daga bakinta, ban gyara ba.

Ga dalilin takardar. Ranar da kika gama arba'in za ki koma, Umma ta aika Gwaggo Ladi ta ba ki babban kaskon nan da buhun gawayi. Ta ce a gaya miki Jos garin sanyi ne, ki rufe ƙofa da taga ruf, ki toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ki ajiye garwashi kusa da gado don kada sanyi ya kama jaririya. To, Umma ta janye wannan magana. Ta sa na aika miki saƙon murya, kika amsa kina dariya, kika ce, "To, ki ce wa Umma na ji." Ta sa na sake kunna mata amsar, sannan ta ce wannan "na ji" ɗin iyakarsa leɓe. Tun ranar ba ta cin abincin kirki. Ta ce sai kin san abin da idonta ya gani za ki yarda, shi ya sa zan faro miki daga tushe.

Bayan tafiyarki Baba ya yanke shawarar sa sola, don rashin wutar nan ya ishe shi. Ya kira Zulai, 'yar abokinsa na Gwammaja, wadda ta zama injiniya. Ta ce ba za ta faɗi girman solar da gidan yake bukata ba sai ta auna gidan tukuna.

Baba ya ce, "Gidan da aka yanke mini cibiya za ki auna, Zulai? Da mudu ko da tiya?"

Ta ce, "Baba, mai zuba ruwa a tulu ai yakan fara duba ko tulun yana yoyo."

Ranar Asabar da hantsi ta zo da kayanta. Abu na farko, ta ce a kashe duk wata wuta da ke gidan, har ta murhu. Sai ta rufe tagogin falon Baba, ta kafa wani jan ƙyalle mai kauri ya cike bakin ƙofar, da babbar fanka a tsakiyarsa, da wasu siraran tiyo da suka shiga wata 'yar na'ura a hannunta. Ta ce fankar za ta zuƙe iskar falon ta fitar waje, don haka duk inda kafa take, iskar waje za ta kutso ta nan. Ta kunna tsinken turare guda, ta miƙo mini, ta ce in bi jikin bango a hankali. Ni kunya ta kama ni, amma na karɓa.

Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Falon nan da muka sani shiru, sai ga shi yana shaƙar iska ta ko'ina kamar wanda ya sha gudu. Hayaƙin tsinken da ke miƙe sai ya kwanta, ya gudu daga jikin taga. Gilasan luba suna fito. Labule ya kumbura alhali tagar a rufe take. Na kai tsinken bakin soket ɗin da ke bayan kujera, hayaƙin ya tarwatse. Ta kusurwar silin ma iska mai zafi tana sauko mini a ka. Ban taɓa sanin gida yana numfashi ba. Na ji kamar an ɗaga mini wani labule ne na leƙa abin da yake nan tun kafin a haife ni.

Baba ya cire hularsa ya riƙe, yana kallon iyakwandishan ɗinsa da ke bango. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe shekara da shekaru mutanen Madabo nake sanyaya wa, ba falona ba."

Zulai ta ce a wasu ƙasashen ana ba gida maki kamar ɗalibi, gwargwadon wutar da yake ci kafin ya yi sanyi ko ɗumi, kuma mai neman haya yana duba makin kafin ya shiga. Baba ya tambaye ta nawa falonsa ya ci. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, da ɗalibina ne, da ya maimaita aji." Har Umma da ke bakin ƙofa sai da ta rufe baki da mayafi.

Da rana ta take, sai Zulai ta fito da wata kyamara mai ganin zafi. Abu mai zafi yana fitowa ja, mai sanyi shuɗi. Silin ɗin falo ya fito jawur kamar garwashi. Muka shiga tsohon soron Kaka, wanda muke tara shirgi a ciki, sai ga bangon ƙasar nan shuɗi, rufin azarar ma shuɗi. Ta ce in dafa bangon in ɗauke hannu. Na ɗauke, amma a cikin kyamarar tafin hannuna yana nan, yatsu biyar, yana dushewa a hankali. Na tsaya ina kallo har ya ɓace. Na tuna hannuwan da suka yaɓa wannan bango, ba su da fanka, ba su da kyamara, amma sun san kaurin da rana ba za ta keta ba, sun bar 'yar taga can sama don iska mai zafi ta samu hanyar fita.

A nan Umma ta ce in rubuta kuskurenta na farko.

"Ki ce mata, ɗakina da soro ne irin na Kakarku. Ni na matsa wa Babanku sai da ya rushe rufin ya sa kwano, don na je suna gidan wata ƙawata na ga gilashi yana walƙiya, na dawo na ga ɗakina kamar kogo. Kakarku ta ce, 'Za ki sayi zafi da kuɗinki.' Na ce a raina tsufa ne. Bazarar farko a ƙarƙashin kwanon nan, ita tana goye, ƙuraje suka feso mata har fatar kai, na koma ina shimfiɗa mata tabarma a soron tsohuwar da na raina. Ki ce mata, kada ta zaɓi gida da ido. In za su sake haya, ko Allah Ya hore musu gini, ta shiga ɗakin da tsakar rana, ta dafa bango, ta ɗaga kai ta dubi abin da ke tsakaninta da kwano. Fenti ba ya tare rana."

Kuskure na biyu firjin nan ne na tsakar gida. Zulai ta nemi farar takarda, ta rufe ƙofar firjin a kanta, ta ja, takardar ta zare ba wani ƙarfi. Ta ce robar bakin ta mutu, sanyin yana zurarewa, shi ya sa injinsa ba ya hutawa, katin mita kuma ba ya jimawa. Ta nuna mana a wayarta irin takardar da ake manna wa sababbin firji da iyakwandishan, mai taurari a jere. Ta ce yawan taurarin, ƙarancin cin wuta.

Umma ta ce, "Ki ce mata, na gwanjo na saya don ya fi girma, mai sayarwa kuma ya buga ƙofarsa ya ce mini ƙarfen da ne. Na ga masu taurarin a shagon, na ɗauka ado ne irin na kwanon tangaran. Shekara nawa ina zargin ku da barin fitila a kunne, ashe ɓarawon yana tsaye a tsakar gida ina goge shi da tsumma. Ki ce mata, in za ta sayi abin da ake jona wa wuta, ta ƙirga taurari kafin ta dubi launi. Kuma ta gwada nata firjin da takarda, ba ya bukatar injiniya."

Na ce, "Umma, in rubuta cewa kin ba mu haƙuri kan fitilar?"

Ta ce, "Rubuta abin da aka sa ki, uwar iyayi."

Yanzu na zo kan abin da ya hana ta sukuni. Kin san ɗakin Umma na yanzu, bayan gyaran da aka sake yi masa, da silin na siminti, da tagar alminiyam, da ƙofar ƙarfe mai roba. Kin san yadda take alfahari da shi, tana cewa ɗakinta yana riƙe turare, in ta turara ranar Juma'a, baƙon Litinin zai ji. Da Zulai ta kafa jan ƙyallen a ƙofarsa, fankar ba ta sha wata wahala ba. Na zaga da tsinken, hayaƙin ya miƙe sak kusan ko'ina. Zulai ta ce duk gidan babu ɗakin da ya kai shi rufuwa, 'yar ƙaramar na'ura ma za ta sanyaya shi. Umma ta kalli Baba ta ce, "Alhaji, a gidan nan dai akwai wanda bai maimaita aji ba."

Sai Zulai ta hango murhun gawayi a bayan ƙofa, da tukunyar da Umma take haɗa turaren wuta na sayarwa. Ta ce, "Umma, a nan ciki kike haɗawa?"

Umma ta ce, "To a ina? A tsakar gida iska ta kwashe ƙamshin, matan unguwa kuma su leƙo su ga abin da nake zubawa? Rufewa nake yi, in toshe ƙasan ƙofa."

"Kanki yana ciwo in kin gama?"

Ke ma kin san ciwon kan nan. Kin san yadda take fitowa tana dafa bango, ta ce jiri, ta kwanta har la'asar. An ce hawan jini, an auna ba a samu ba. Gwaggo Ladi ta ce baki ne, saboda kasuwar turarenta ta buɗe, aka yi ta karɓo rubutu.

Zulai ta cire fankarta. Ta ce a hura gawayi daidai yadda Umma take hurawa, a shigar, a rufe ɗakin ba kowa a ciki. Ta ajiye wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka a kan gado, inda za mu hango ta ta gilashin taga. Muka tsaya a waje muna kallo. Garwashin ya yi ja mai kyau, babu hayaƙi ko kaɗan, irin wanda Umma take cewa ya nuna. Ɗakin fes, labule a tsaye, gado a gyare. Amma lambar da ke fuskar na'urar tana hawa, tana hawa. Can sai ta fara ƙara, wata irin ƙara mai tsinin da ke shiga haƙori.

Zulai ta ce garwashi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, kuma garwashin da ya daina hayaƙi bai daina fitar da ita ba. Yaya, mun karanta ta a ajin kimiyya, kabon monoksaid, har na ci tambayarta a jarrabawa, amma ban taɓa haɗa ta da ɗakin Umma ba. Zulai ta ce a soron Kaka, da 'yar tagar sama da ƙofar katako mai kafofi, iskar takan samu hanyar fita, ko da yake can ma ba a so. A ɗakin da ke riƙe turare kuwa, duk abin da aka ba shi yake riƙewa. Ta ce iskar tana sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sannan barci, kuma barcin ne abin tsoro. Babba yakan ji ya fito. Jariri ba ya cewa kaina.

Umma ta zauna a kan turmi, ƙarar tana ta yi a cikin ɗakinta. Sai ta juyo ta tambaye ni, a hankali, "Gidan nasu na Jos, wace irin taga gare shi?" Na ce ta alminiyam, na gani a hoton da kika turo. Ta ce, "Ƙofar fa?" Na ce ta ƙarfe. Ta ɗora hannu a ka.

Ga abin da ta ce in rubuta, ban rage ba.

"Ki ce mata, ni na ba ta kaskon, ni na ba ta gawayin, ni na koya mata toshe ƙofa. Abin da na gani a wurin uwata na ba ta, ban lura cewa ɗakin uwata daban, nata daban ba. Al'adar ta zo daga gidan ƙasa, mu muka ɗauko ta muka shigar da ita gidan gilashi. Shekarun nan Allah ne kawai Ya tsare ni, don ina da ƙafar fita. Takwarata Ummi ba ta da ita.

"Ki ce mata, ban hana ta rufe ɗaki ba. Ta toshe kafofin da sanyi ke shiga, ta sa labule mai kauri, ta shimfiɗa darduma a ƙasa, ɗumin jikinsu ma zai zauna. Amma wuta da rufaffen ɗaki ba sa haɗuwa, ko garwashi ɗaya ne, ko na minti kaɗan ne. Buɗe taga kaɗan ma kada ta dogara da shi. Yarinya a sa mata hula da safa, a ƙara mata riga, kada a rufe mata fuska. In hantsi ya yi ta buɗe tagogi iska ta sake. Kayan jaririya in za ta turara, ta kai baranda, in sun sha iska ta shigo da su. Ki ce mata ta gaya wa mijinta, janareta ma haka yake, ya nisanta shi da taga, kada ya shigar da shi lungu don tsoron ɓarayi. In ta taɓa jin kanta ya sara a cikin ɗaki, ko yarinya ta yi barcin da ba ta saba ba, kada ta tsaya neman magani, ta ɗauke ta su fita waje, daga nan sai asibiti.

"Ki ce mata, in surukarta ko wata tsohuwa ta ce ai haka aka saba yi wa mai jego, kada ta yi musu, ba tarbiyyarmu ba ce. Ta ce uwarta ce ta hana, a ɗora mini. Na fi son a ce ni mai tsaurin kai ce."

A cikin ƙullin da direban motar Jos zai ba ki tare da wannan takarda akwai huluna biyu da Umma ta saƙa, da irin 'yar na'urar nan guda. Umma ce ta roƙi Zulai ta samo mata. An sa mata batir. Zulai ta ce a rataye ta a ɗakin da kuke kwana, kada a sa ta cikin durowa, kuma ba wai don an rataye ta an samu izinin shigar da wuta ba. In ta yi ƙara, ku fita tukuna, bincike daga baya.

Mu nan an fara gyara. An like kafofin falon Baba, an sa sabuwar roba a firji, kuma Zulai ta ce solar da za a sa ta ragu da yawa a kan wadda Baba ya zata. Baba ya sa an kwashe shirgin soron Kaka, yanzu can yake ƙailula. Umma ta koma haɗa turarenta a ƙarƙashin rumfa, ta kafa zani ya kare ta daga masu leƙe. Ta yi haɗi biyu, kanta bai yi ciwo ba. Jiya tana juya tukunya na ji tana cewa, ita kaɗai, "Subhanallahi, abu ba launi ba wari."

Abu ɗaya take nema. Direban zai juyo jibi. Ta ce ki ba shi kaskon ya dawo da shi. Na ce mata ai kasko ba ya wuya a Jos, in kina so za ki sayi wani. Ta ce ta sani, amma wanda ta bayar da hannunta shi take so ta gani a tsakar gidan nan, sannan abinci zai wuce mata. Don Allah, Yaya, ko kina ganin abin dariya ne, ki ba shi. In kin karanta, ki kira wayar Baba bayan la'asar, zan buɗe murya yadda kowa zai ji. Umma za ta yi kamar tana tsince shinkafa, amma ki yi magana a hankali, ki faɗi inda Ummi take kwana da abin da ke cikin ɗakin.

Allah Ya tsare ku a ɗaki da waje, Ya ba ku iska mai kyau da barci mai lafiya, Ya sa Ummi ta tashi a hannunku, amin. Ki gaishe da Yaya Kabiru.

In na yi kuskure a rubutun, nawa ne, ba na Umma ba. Ban taɓa rubuta miki komai ba sai yau, kuma na ga a takarda bakina ya fi buɗewa. Akwai abubuwan da nake so in tambaye ki, nawa na kaina, tun ranar da na riƙe tsinken nan. Ba zan rubuto ba sai kin ce in rubuto. Kin yarda?

Ƙanwarki,
Asma'u